Dundumi, Hakiya da Yanar Ido: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, kakata takan ce wane yana da dundumi, wance tana da hakiya, wani kuma yanar ido ce ta kama shi. Ashe ba duk makanta ba ce?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, kaka ta fi mu gaskiya. Sunaye uku ne na cututtuka uku, kowace da wurin da take kamawa a ido, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Abin yana damuna ƙwarai yadda muke haɗa su a baki, domin wanda bai san sunan ciwonsa ba yakan nemi magani inda babu shi.

Mai dundumi da rana ras yake gani. Da magariba ta yi sai ya fara lalube, yana tuntuɓe da abin da kowa ke hange. A can bayan ƙwayar ido akwai wata shimfiɗa mai karɓar haske, kuma a cikinta akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne gani a duhu-duhu. Waɗannan ba sa aiki sai da bitamin A. In ya yi ƙaranci a jiki, musamman ga yara ƙanana da masu juna biyu, dundumi ne alamar farko, kuma irin wannan yana warkewa in an cike giɓin da wuri. Akwai kuma na gado, wanda sai likitan ido ne zai tantance shi.

Hakiya kuwa ana ganinta daga waje: farin tabo ne a kan baƙin ido. Fatar nan mai garai-garai da ta rufe gaban ido ce ta yi rauni, ko ta tsokalewa, ko ƙyanda, ko ƙwayar cuta, ta warke ta bar tabo. In tabon ya tsaya a tsakiya sai ya tare haske.

Yana, a asalin ma'anarta, ita ce 'yar fatar nan da ke kwanciya a kan madarar da aka tafasa ta huce. Shi ya sa mutane da yawa ke zaton wani abu ne ya rufe idon daga sama, har su nemi abin ɗigawa da zai wanke shi. Alhali a ciki take. Madubin ido ne, wato ɗan abin nan mai garai-garai da ke bayan baƙin ido wanda haske ke ratsawa, ya dusashe, galibi saboda tsufa, wani lokaci saboda ciwon suga ko buguwa. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta a duniya, kuma babu maganin ɗigawa da ke kawar da ita. Aiki ake yi, a cire madubin da ya dusashe a sa na roba, mutum ya koma gani. Masu zuba duk abin da aka ba su a ido, su ake wa karin maganar nan: garin neman gira a rasa ido.

Tun da muna kan ido, sunan "hawan jinin ido" da ake kiran gilakoma da shi yana rikita mutane. Ruwan cikin ido ne yake taruwa ya matse jijiyar gani, ba jini ba. Mafi yawanta ba ta ciwo, daga gefe-gefe take cin gani, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ita a dangi, ya riƙa kai idonsa awo.

Tambaya: Me ake nufi da "hanci bai san daɗin gishiri ba"?

Amsa: Ana faɗarsa ga wanda aka kai wa abu mai daraja amma bai san ƙimarsa ba, don ba fagensa ba ne. Wanda ya fara faɗar wannan magana ya lura da kyau. Gishiri ba shi da ƙamshi, harshe kaɗai ke shaida shi. Abin da harshe ke rarrabewa biyar ne: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da ɗanɗanon nan na romon nama. Sauran daɗin abinci kuwa, garɗinsa da armashinsa, ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro ya isa hanci yayin tauna. Don haka mai mura yake cewa komai salam yake ji, alhali zai gane in gishiri ya yi yawa. Mutane da dama sun ga haka a shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta ɗauke musu jin ƙamshi. Yaji ma ba ya cikin biyar ɗin: jijiyoyin jin zafi yake tsokana.

Tambaya: "Abin da ya taɓa hanci, ido sai ya yi ruwa." Daga ina aka samo shi?

Amsa: Daga jiki aka samo shi kai tsaye. Jijiyar da ke ɗaukar jin zafi daga cikin hanci ita ce ke tayar da ƙwalla. Akwai kuma 'yar siririyar hanya daga kusurwar ido zuwa cikin hanci, ta nan hawaye ke gangarawa, shi ya sa mai kuka yake jan majina. Ma'anarsa ita ce, abin da ya sami ɗan'uwanka ko maƙwabcinka kai ma ya same ka.

Tambaya: Kurma da bebe ɗaya ne?

Amsa: Kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe wanda ba ya magana. Suna haɗuwa ne saboda yaro da kunne yake koyon magana. In an haife shi ba ya ji, harshensa lafiya lau amma bai taɓa jin abin da zai kwaikwaya ba. Jaririn da ƙara mai ƙarfi ba ta razana shi, ko ya kai wata 6 ba ya juyowa in an kira shi, a kai shi a auna jinsa ba tare da jinkiri ba.