Amsa: icing ɗin kore da fari na 1 ga Oktoba

'Yar uwa, kin ce icing ɗin kek ɗinki ya ƙi bushewa kuma koren yana malala cikin farin. Wallahi yawanci laimar Legas ce, barin ma in damina ba ta gama ba.

Farin ƙwai 1, icing sugar (sukari mai laushi kamar gari) kamar giram 200 zuwa 250 a tankaɗe, ɗigon lemon tsami kaɗan, ki buga har ya tsaya a cokali. Kwanon kar ya taɓa mai ko gwaiduwa, ko ɗis. Ki raba biyu, rabi ki bar shi fari.

Kalar abinci mai ruwa-ruwa ita ke sa shi ya saki, ki nemi ta gel mai kauri, ki sa kaɗan-kaɗan da tsinken sakace don koren yana ƙara duhu in ya zauna. Ki fara zana koren ki kunna masa fanka ya bushe sosai, kwana ma in da hali, sannan ki cike farin a tsakiya. Kar ki sa a firij, gumi zai yi.

In da masu ciki ko ƙananan yara za su ci, meringue powder (garin busasshen farin ƙwai) ya fi ɗanyen ƙwai aminci. Odar taro kuwa, ki samu gwanar kek ta duba miki kaurin tukun.