Mai kira ya ajiye waya, na'urata ba ta sani ba

Tambaya: Malam, ni mazaunin unguwar Zariya ne a Maradi. Na haɗa Arduino (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori) da MT8870 (guntun da ke gane sautin maɓallan waya) don in riƙa tayar da injin ban ruwa a lambunmu na Jiratawa ta waya. Layin na intanet ne, ta akwatin Grandstream HT801 mai haɗa wayar tarho da intanet. Na'urar tana ɗaukar kira lafiya, amma in na kashe daga nan sai ta ci gaba da riƙe layi. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, haɗinka ba shi da laifi, akwatin ne bai sanar da na'urar ba. A wayar intanet, idan mai kira ya ajiye, saƙon BYE, wato sanarwar ƙarshen kira, ne ke isa ga akwatin ta hanyar SIP, tsarin da ke tafiyar da kiran intanet, kuma a nan yake tsayawa sai in ka umarce shi ya nuna alama a wutar wayoyi biyun da ke fita daga akwatin zuwa na'urarka. Shi ya sa in ka ɗora mita za ka ga awon bai motsa ba. Wajen volt 48 yake nunawa in layi na hutawa, ya faɗo ƙasa da 12 in an ɗauka, ya zauna nan ko da mai kira ya tafi.

Shiga saitin akwatin ka kunna Loop Current Disconnect, ka ba shi kamar rabin daƙiƙa. A akwatunan Cisco SPA sunansa CPC Duration. Daga nan duk sanda aka ajiye, wutar layi za ta yanke na ɗan lokacin.

Sai yadda na'urar za ta kama wannan yankewar. Sa optokofla PC817 (ɗan guntun da ke isar da alama ta haske ba tare da wutar ɓangarorin biyu ta haɗu ba) a jere da layin, bayan gadar diyod huɗu mai daidaita alkiblar wuta. Milliamfa 20 zuwa 30 da ke gudana sun isa su kunna shi, da sun ɗauke kuma ƙafar (fin ɗin) Arduino da ka haɗa da shi za ta gani. Amma kada ka yarda da kowace ƙiftawa, jira yankewar ta wuce milidaƙiƙa 200 kafin ka saki rile, makunnin da ke riƙe layin. Kar kuma ka haɗa Arduino kai tsaye da layin, wutar ƙararrawa tana haura volt 50, tana ƙona ƙafar Arduino nan take.

Wasu na sauraren ƙarar "layi a cike" da LM567, guntun da ke gane sauti. Ni ban so ba, don hayaniyar inji na ruɗa shi.

Tunda ruwa da mai ne a tsakani, ƙara masa agogo: in minti ɗaya ya wuce ba a danna maɓallin waya ba, ya saki layi da kansa. Intanet na iya yankewa ana tsakiyar kira, BYE ɗin bai iso ba sam.