Amsa kan amf ɗin da ke ɗaukewa in an ƙure murya

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ka sayo amf na hannu, wato na'urar ƙara sauti, an rubuta om 8-16 a bayansa wajen da ake ɗaura waya, kana da sifiku huɗu, biyu masu om 8 biyu kuma na mota masu om 4, ka jona su duka, da ka ɗan ƙara murya sai ka ji ƙas ya ɗauke, can kuma ya dawo. Toh dan Allah kafin komai ka zare na motar nan yau yau. Amf ɗinka lafiyarsa ƙalau, kare kansa yake yi, kuma ka gode Allah da ka samu mai wannan kariyar, da irin masu arhar nan ne da tuni hayaƙi ya tashi.

Abin da yawancin mutane ke ɗauka shi ne wai ƙaramin om ƙaramin nauyi ne, alhali akasin haka ne. Om turjiya ce da sifika ke yi wa wuta, kamar matsin bututu, in ya matse ruwa kaɗan ke wucewa, in ya buɗe tanki ya yi ta zuba. Ka ɗauka amf na fitar da bolt 20. A kan om 8 zai ja amfiya 2.5, a kan om 4 amfiya 5, a kan om 2 kuwa amfiya 10, duk ta cikin tiransistoci ɗaya da tiransifoma ɗaya. Wannan ƙarin wutar shi ke komawa zafi.

Yanzu mu zo kan naka haɗin. In ka ɗaura sifiku biyu a baki ɗaya, ja da ja baƙi da baƙi, faralel ke nan, kuma om ɗin raguwa yake yi ba ƙaruwa ba. Lissafin shi ne ka ninka su sannan ka raba da jimillarsu, 8 sau 4 ya ba ka 32, ka raba da 12, ya fito 2.7. Ka ga an ce maka kar ka yi ƙasa da 8 kai kuma ka ba shi 2.7, ninki uku na wutar da aka gina shi a kai yake ja. Kuma kar wani ya ce maka ai ka sa biyu a bakin da aka rubuta A biyu a wanda aka rubuta B shi ke nan ka tsira, mafi yawan amf na gida a ciki faralel suke haɗa A da B, shi ya sa za ka ga wasu sun rubuta A ko B 4-16, amma A+B 8-16.

Ni aikin gyara nake, kuma irin wannan ba ya yankewa a teburina musamman watan Afrilu da Mayu lokacin da gari ya ɗau zafi. Kana kwance murfi warin ƙuna zai doke ka, ka tarar farin rezistan nan na siminti da ke kusa da tiransista ya tsage, allon ƙarƙashinsa ya yi baƙi ƙirin, fiyus ya tafi, mai shi kuma rantsuwa yake wai wutar NEPA ce. Sai ka tambaye shi sifika nawa ya jona ya ce shida. Wallahi abin na min ciwo, don irin tsofaffin Pioneer da Kenwood da Sansui ɗin nan samun kayansu na asali yanzu sai an sha wuya, jabu sun cika kasuwa.

Shawarata, bar masu om 8 ɗin su kaɗai, ɗaya hagu ɗaya dama, za ka ji sautin ma ya fi fita tas. Na motar ka nema musu ƙaramin allon amf irin TPA3116, yana ɗaukar om 4 ba gardama, yana aiki da bolt 12 zuwa 24, ko batirin sola ya ishe shi. In kuma ka nace sai huɗun a kan amf ɗaya, to siris za ka yi, jan amf ya shiga jan sifika ta farko, baƙinta ya shiga jan ta biyu, baƙin ta biyu ya koma amf. Nan tarawa ake yi, 8 da 4 sun zama 12, amf zai huta. Sai dai ƙara za ta ragu, mai om 8 za ta kwashe kashi biyu cikin uku na ƙarfin, kuma sifiku mabambanta a siris suna ɓata wa juna sauti, ni dai ban so.

Ba dole ba ne lambar ta zo daidai cif. A amf na tiransista ka hau sama ba komai, 16 a kan mai 8 ba ya ƙona komai, ƙasa ne ake tsoro. Galibi na kwalba ne, wato bawul, ke da bakin 4 da 8 da 16 daban daban, shi kam ka sa kowace a bakinta kuma kar ka taɓa kunna shi ba sifika a jone.

In takardar bayan sifika ta goge, ka sa mita a kan om ka auna bayan ka cire ta daga amf. Mai 8 za ta nuna wajen 6 zuwa 7, mai 4 wajen 3 da ɗan wani abu, haka yake ba lalacewa ba ce, don lambar da aka rubuta ƙiyasi ce, in kiɗa na tafiya hawa da sauka take yi. Ka auna har masu 8 ɗin naka ma, don na sha buɗe akwati na tarar an canja wufa, wato babbar sifikar ciki, an sa ta mota an bar tsohuwar takarda. Sannan ka ɗaga dikodar da ka ce tana kan amf ɗin, ramukan saman nan ta nan yake shan iska. Ka kunna minti 20 ka ɗora hannu, in ɗumi ne ba matsala, in ba ka iya barin hannun ka kashe ka turo min hoton bayansa da abin da mitar ta nuna.