Tambaya da Amsa: Tsohuwar kat-kat da hanyar Agadas

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wata Toyota Land Cruiser HJ60 ƙirar 1986 daga mahaifinmu. Mu huɗu ne, muna so mu tashi daga Damagaram mu bi ta Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas, muna ratsewa daji muna kwana, kwana goma tafiya da dawowa. Shin motar za ta iya? Me za mu riƙe? Daga mai karatu a unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Injin wannan mota, 2H mai silinda shida da ke shan gazuwal, wato dizal, yana da haƙuri matuƙa, kuma za ta iya in an shirya ta. Abin da ke kayar da irinta a hanya zafin inji ne, da gazuwal mai datti, da lodin da ya wuce kima. Yashi yana zuwa ne daga baya.

Ku fara da radiyato. A kwance shi a wanke cikinsa, domin ruwan rijiya da aka shekara ana zuba masa yana barin farin ƙasa-ƙasa da ke toshe bututun. A sake tiyon sama da na ƙasa, da murfin radiyato, da bel ɗin fanka. Tsofaffin da aka cire ku ajiye su a mota, su ne madadinku. Wasu makanikai sukan cire tamostat su yar, wai don kada mota ta yi zafi. Kada ku yarda, a sa sabo, domin shi ke daidaita zagayen ruwan. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: bayan damina dajin Damargu cike yake da ƙarangiya da busasshiyar ciyawa, 'ya'yanta na cushe fuskar radiyato har iska ta kasa ratsawa. Ku ɗaura ragar sauro a gaba, ku kakkaɓe ta duk tsayawa, sannan ku leƙa ƙarƙashin mota ku zare ciyawar da ta maƙale a salansa, don ita ke tayar da gobara. In allurar zafin inji ta hau, kada a kashe inji nan take: a juya gaban motar ya fuskanci iska, a bar shi yana aiki a hankali har ya huce. Ba a buɗe murfin radiyato da zafinsa.

Sai mai. Zinder zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne. Tankinku lita 90 ne. A kan kwalta da lodi ku lissafa lita 13 zuwa 14 a kilomita 100, a yashi kuwa 20 ko fiye. Duk abin da lissafi ya ba ku, ku ƙara kashi ɗaya bisa uku. Jarkar ƙarfe biyu masu lita 20 sun isa. In dole ta sa ku sayi na bakin hanya, a tace shi da kyalle mai tsabta, ku kuma riƙe filtar gazuwal uku. Ku koyi fitar da iska da ɗan famfon hannu da ke jikin inji tun kuna gida, don bayan canja filta motar ba za ta tashi ba sai an yi haka.

Ruwa kuwa, lita 8 ga kowane mutum a rana, sha da girki da alwala. Ku riƙe na kwana uku, kuna sake cikawa a hanya: ku huɗu lita 96 ke nan, jarka biyar masu lita 20, da ta shida don radiyato. Wannan kaɗai kilo 120 ne, saboda haka a jera su a ƙasa bayan kujera, a ɗaure tamau. Saman mota na tabarmi da barguna da tanti ne kawai. Nauyi a sama shi ke kifar da mota a gangaren tudu, shi ke karya sifirin a hanya mai gargada.

Ku tafi tsakanin Disamba da Janairu. Kafin tashi ku je wajen jandarma ku ji halin tsaron hanya da ko ana bukatar rakiya, ku bi abin da suka ce, kuma kada ku yi tuƙin dare.

Tambaya: In mota ta kafe a yashi fa, kuma ina ya fi dacewa a yada zango? Daga wata malama a Mirya.

Amsa: Malama, kafin a shiga yashi a sauka a murɗa makullan tayoyin gaba, a sa giyar kat-kat, wato mai jan tayoyi huɗu duka, a rage iskar tayoyi zuwa kamar bar 1.2 a ma'aunin iska. Taya mai tub ba a rage ta ƙasa da haka, don takan zame a kan rim ta tsinke bakin tub. Da motar ta fara tona, a ɗaga ƙafa daga totur. A haƙe gaban tayoyi huɗun da shebur, a sa farantin ƙarfe ko katako a ƙarƙashinsu, a fita da giya ta biyu a ƙaramin gudu. Da an hau ƙasa mai tauri a mayar da iska, a cire kat-kat, domin wannan mota ba ta jure shi a kan kwalta.

Zango kuwa, a tsaya tun bayan la'asar, kusa da gari ko ruga, a je a gaida maigari a sanar da shi. Kada a kwana bakin rijiya, dabbobi na zuwa tun asuba, kada kuma a cikin kwari. A yi shimfiɗa ta yamma da mota don ta tare iskar hunturu, a zazzage takalma da safe saboda kunama.