Sun ba 'yan mata labarin, amma wa ke riƙe da kyamara?

Tambaya: Malam, na ga an fitar da wani reshe na fim ɗin American Pie wanda 'yan mata ke jan ragamarsa. Ƙawayena a jami'a suna cewa ci gaba ne ga mata, ni kuwa ina ganin tsohon tuwo ne aka sake wa miya. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: 'Yar uwa, kin fi su kusa da gaskiya, amma bari mu faro daga tushe.

American Pie na farko ya fito a Amurka a 1999. Samari huɗu ne 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka ƙulla alkawarin kowa zai san mace kafin su gama makaranta. Kimanin dala miliyan 11 aka kashe, ya dawo da sama da miliyan 200. Kasuwa irin wannan ba a barinta ta huce, shi ya sa kamfanin Universal ya yi ta haifar masa rassa masu araha, ana sakin su a DVD ba tare da sun leƙa sinima ba.

Wanda kike nufi shi ne Girls' Rules na 2020. Makarantar ita ce dai, alkawarin ma kusan shi ne, sai dai yanzu ƙawaye huɗu ne, har da wata daga gidan Stifler, dangin da suka yi suna wajen rashin kunya a jerin. To amma ki duba bayan labule: darakta Mike Elliott namiji ne, marubutan ma maza ne. Barkwancin samari aka kwaso aka sa a bakin 'yan mata.

Abin da zai nuna miki bambancin yana cikin fim ɗin 1999. Akwai wurin da Jim, ɗaya daga cikin samarin huɗu, ya kunna kyamarar kwamfuta a ɗakinsa don abokansa su leƙi Nadia, baƙuwar ɗaliba daga Turai, ba da saninta ba, hoton kuma ya bazu ga 'yan makaranta. Me ya biyo baya? Ita aka mayar ƙasarsu. Shi dariya kawai aka yi masa, labari ya ci gaba. Fim ɗin bai tsaya ko minti ɗaya ya tambayi yadda ta kwana ba. Fim mai kallon duniya da idon mace daga wannan daren zai fara.

Kuma an taɓa yin irinsa tun da daɗewa. A 1982 Amy Heckerling ta ba da umarnin Fast Times at Ridgemont High (namiji ne ya rubuta shi, kada na ɓoye miki). Yarinya ta yi ciki, saurayin ya yi alkawarin biyan rabin kuɗin asibiti da kai ta, ranar kuwa ya yi ɓatan dabo. Kyamara ta tsaya a kanta tana jira. Ana cikin dariya sai ta maƙale wa mai kallo a wuya.

Na baya-bayan nan da suka fi armashi ba rassa ba ne, sababbin labarai ne. A Blockers na 2018, darakta Kay Cannon ta juya dariyar kan iyayen da suka rikice. A Booksmart na 2019, darakta Olivia Wilde ta gina komai a kan zumuncin ƙawaye biyu da tsoron rabuwarsu, samari suna can gefe.

Af, duk waɗannan na manya ne a tsarin tace fina-finai na Amurka. Kada kalmar "makaranta" ta sa ki kunna su a falo ƙannenki na zaune.