Muhawara da Matasan Coci: Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne, shekarata 22, haifaffen Tudun Wada a Kaduna. Tun tasowata ban taɓa yin aboki Kirista ba, sai dai gaisuwa a aji. Na ba ƙungiyar matasan unguwarmu shawara mu gayyato matasan wani coci daga Sabon Tasha, mu yi muhawara kan addini ko ma fahimci juna. Mahaifina ya ce in fita harkar, wasu abokaina kuma suna cewa imanina ne ya yi rauni. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Niyyarka ta faranta mini rai, amma muhawarar nan ka jingine ta tukuna. Mutanen da ba su taɓa cin abinci tare ba, in ka zaunar da su ka ce kowa ya kare aƙidarsa, kowa zai zo ne da shirin kayar da ɗan'uwansa, a tashi baram-baram.

Mahaifinka kuwa kada ka ga laifinsa. Ya ga rikicin Fabrairun 2000, ya ga na Nuwamban 2002, ya ga yadda mutane suka kwashe kayansu, Musulmi suka yo arewacin kogin Kaduna, Kiristoci suka koma kudu. Mu da muka girma kafin nan mun san gidan haya ɗaya da Bahaushe da Bajju da Bayarabe, ranar Sallah a kai wa maƙwabci nama, ranar Kirsimeti a aiko da shinkafa. Ku kun tashi kun tarar da gada a tsakani, kuma wannan yana ci mini rai ƙwarai.

A garinku akwai abin koyi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasan ɓangarori biyu masu gaba da juna. A rikicin da ya taso daga Zangon Kataf a 1992, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, kuma zargi bai gushe nan take ba. Cikin abubuwan da suka sanyaya zuciyar Wuye har da zuwan da Ashafa ya yi asibiti ya duba mahaifiyarsa. Duba mara lafiya fa, ɗana! Daga nan suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna, wadda ta taka rawa wajen yarjejeniyar zaman lafiyar Kaduna ta 2002 da kuma sulhun Yelwan Shendam a Filato.

To, ku fara da aikin da ya dame ku duka. Kafin damina ku yashe kwatocin wata kasuwa, ko ku je asibiti tare ku ba da gudummawar jini. In ƙwallo za ku buga, a cakuɗa 'yan wasa, kada a yi "Tudun Wada da Sabon Tasha", don duka ɗaya a ƙafa yana iya zama wani labari. Lokacin salla ya yi, a tsaya ku yi salla. Su ma kada ku sa taro ranar Lahadi da safe. A yi sharaɗi tun farko: ba mai yi wa wani wa'azi, ba mai taɓa abin da wani yake girmamawa. Kafin a watse ku karɓi lambobin juna. Ranar da wata jita-jita ta fantsama a WhatsApp cewa an fara a can, kana da wanda za ka buga wa ka ji gaskiya kafin wani ya ɗauki gora.

Masu cewa imaninka ya yi rauni, ka buɗe musu Suratul Mumtahana, aya ta 8: Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba, ba su kuma fitar da ku daga gidajenku ba. Ka tuna musu da Liman Abubakar Abdullahi na Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban mahara yana roƙonsu. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni?

Amma kada ka ɗaga ƙafa ba da yardar mahaifinka ba. Ka sami limamin unguwarku, ka bayyana masa komai, ka roƙe shi ya raka ka wurin mahaifin naka. Shi ma can ɓangaren a nemi izinin fastonsu, a kuma sanar da mai unguwa rana da wuri. Ku fara da mutum biyar-biyar, da rana tsaka, a fili inda kowa ke gani. Bayan haɗuwar farko ka sake rubuto mini yadda ta kaya.