Faifan CD ba ya fitowa a cikin kwamfutar baƙuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da wata tsohuwar manhajar lissafi a kan faifan CD wadda ba ta aiki sai a Windows XP, shi ya sa na girka VirtualBox, manhajar da ke ba da damar kafa wata kwamfuta ta ƙirƙira a cikin ta ainihi, a kwamfutata mai Windows 10, na kafa XP a cikinsa. Idan na saka faifan, kwamfutar ainihi tana ganinsa sarai, amma a cikin XP ɗin wani faifai daban nake tararwa, mai suna da ya fara da VBox. Shin na'urar karanta faifan ce ta lalace, ko kuwa ni ne na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Na'urarka lafiyarta ƙalau, tunda kwamfutar ainihi tana karanta faifan. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, masana wannan fanni suna kiran kwamfutar ainihi mai masauki, wadda aka kafa a cikinta kuma baƙuwa, kuma baƙuwar ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin kayan gidan sai wanda aka miƙa mata. Na'urar faifan da XP ɗinka yake nunawa ba ta ƙarfe ba ce. VirtualBox ne ya ƙirƙira masa ita, kuma abin da ka zaɓa a saka a cikinta shi kaɗai za ta nuna. Faifan da kake gani mai suna VBox shi ne na Guest Additions, wanda aka yi amfani da shi wajen daidaita allo da linzami, aka kuma manta da shi a ciki. Wannan mantuwar takan jawo irin ƙorafinka.

Gyaran ba ya ɗaukar minti biyu. Yayin da XP yake kunne, ka duba saman tagar VirtualBox, ka latsa "Devices", sannan "Optical Drives". A jerin da zai fito za ka ga "Host Drive" tare da harafin da kwamfutarka ta ba na'urar, galibi D ko E. Da zarar ka zaɓe shi, za ka ji faifan ya fara juyawa, bayan ɗan lokaci kuma sunansa ya bayyana a cikin "My Computer" na XP. Idan zaɓin "Optical Drives" ya dushe ba ya latsuwa, to baƙuwar ba ta da na'urar faifai ko ta ƙirƙira, don haka sai ka kashe ta gaba ɗaya, ba ka dakatar da ita kawai ba, ka shiga "Settings", ka buɗe "Storage", ka ƙara mata na'urar faifai a ƙarƙashin IDE, wato tsohuwar hanyar haɗa na'urar faifai da kwamfuta. Na ce IDE ne saboda XP ya fito a 2001, kuma bai zo da manhajar da ke tafiyar da SATA, sabuwar hanyar da ta maye gurbin IDE, ba.

A wannan shafi na "Storage" akwai wani ɗan akwati mai suna "Passthrough" wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Idan ba a yi masa alama ba, VirtualBox ne ke karanta faifan ya miƙa wa baƙuwa bayanan, wanda ya isa wajen girka manhaja ko kwafe fayil. Idan kuwa aka yi masa alama, umarnin baƙuwar yana wucewa kai tsaye zuwa na'urar ainihi, kuma ana bukatar haka ne wajen rubuta bayanai a kan faifai ko kunna faifan sauti. Sai dai nasarar wannan ta danganta da irin na'urar da ke jikin kwamfutar, shi ya sa ba na ba da shawarar a kunna shi sai in bukatar ta kama.

Ga masu amfani da wasu manhajoji, a VMware Workstation zaɓin sunansa "Use physical drive", kuma dole a tabbatar an yi wa "Connected" alama, in ba haka ba na'urar tana nan amma kamar an zare mata waya. A Hyper-V na Microsoft kuwa, baƙuwar da aka kafa a matsayin Generation 2 ba ta karɓar na'urar faifai ta ainihi ko kaɗan, sai Generation 1. Idan mai masaukin Linux ne, na'urar tana zuwa da sunan /dev/sr0, kuma a Debian da Ubuntu sai mai amfani yana cikin rukunin cdrom kafin a ba shi izinin taɓa ta.

Da ni ne kai, Malam, da zarar na ga faifan ya buɗe, zan kwafe shi dungurungum zuwa fayil guda na ISO, wato fayil mai ɗauke da cikakken kwafin faifan, in ajiye na ainihin. Faifan CD bai wuce megabait 700 ba, wanda ba komai ba ne a ma'ajiyar kwamfutar yau, alhali faifan da ya kai shekarun XP kowace karcewa tana ƙara kusantar da shi ga ranar da zai ƙi karantuwa. Fayil ɗin ISO ya fi sauri, ba ya ƙara, kuma ta wannan hanya ta "Optical Drives" ake saka shi, da zaɓin "Choose a disk file". Inda wannan dabara ba ta aiki shi ne faifan sauti, domin ba a tsara shi da fayiloli irin na faifan bayanai ba, da kuma tsofaffin manhajojin da aka sa wa kariya, masu neman faifan ainihi a duk lokacin da aka buɗe su. Idan taka ta ƙi tashi daga ISO tana cewa a saka faifai, to tana cikin wannan rukuni, sai ka koma "Host Drive", ka yi wa "Passthrough" alama, ka sake gwadawa.